Kanti, bashi da gado: amsoshin wasiƙun wannan mako

*Malam, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bayan ya shafe fiye da shekara arba'in yana sayar da kaya a ƙauyenmu, kusa da Matameye a Nijar. A takardar sadakar arba'in, mai kanti za mu rubuta, ko mai shago, ko mai butik?*

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Duka ukun aro ne: kanti da shago daga Ingilishi, butik daga Faransanci. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Shago ya haɗa da na tela da na mai aski. Kanti kuwa tun asali manyan ɗakunan kamfanonin Turawa ake nufi, irin su CFAO, inda ake samun komai a wuri guda. Mutumin da ke da sukari da shayi da sabulu da kananzir da ashana da allura a ƙarƙashin rufi ɗaya, mai kanti ne. Ku rubuta haka.

*Mun tarar da littafinsa cike da sunayen waɗanda yake bi. Duk wanda muka tuntuɓa sai ya ce mana "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Me karin maganar ke nufi?*

Nan ne raina ke ɓaci. An yi wannan magana ne don a rufa wa mai bashi asiri: kada ka gori wanda ake bi, domin kai ma ba ka tsira ba, daga talaka har sarki. Magana ce da mai bin bashi ko ɗan kallo ke faɗa don ya sassauta. Ba a yi ta don wanda ake bi ya ɗauke ta ya kare kansa da ita a gaban marayu ba. Wanda ya yi haka ya juya ta baibai.

Kuma ku duba yadda muke cakuɗa kalmomi huɗu kamar abu ɗaya. Aro shi ne ka karɓi abu ka mayar da shi kansa, kamar fartanya ko tsani. Rance ka cinye abin ka mayar da kwatankwacinsa, tiya biyar ta hatsi a madadin tiya biyar. Bashi shi ne nauyin da ya hau kanka, ko ta wace hanya ya zo. Kullum ina jin samari a Kasuwar Dole ta Damagaram suna cewa "ara mini jika biyu", alhali ba takardun nan za su dawo da su ba. Rance suke nema.

Ta huɗun ita ce lamuni, kuma ita ce sana'ar mahaifinku ta gaskiya. Lamuni yarda ce kafin biya. Mai kantin ƙauye ya san cewa daga tsakiyar damina rumbuna sun yi ƙasa, kuɗi ba sa dawowa hannun manomi sai kaka, in an sayar da wake ko gyaɗa, ko ɗan da ya tafi cirani Kano ya aiko. Sai ya ba da sabulu da gishiri yau, ya jira wata uku. Ba ya karɓar jingina, domin ya san gonar kowa da halin kowa. A shekara irin 2005, da yunwa ta kama ƙasar nan, gidaje da yawa da irin wannan lamunin suka kai ga sabon hatsi. Rubutawar da ya yi ma ba rashin yarda ba ce: aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, umarnin rubuta bashi ce. Abin da ke cikin littafin nan haƙƙin magada ne. Wanda ya ga dama a cikinku ya yafe kasonsa, amma yafiyar daga gare ku za ta fito.

*A tsofaffin shafuka ya rubuta "dala metan". Nawa ke nan?*

Jika ɗaya, wato sefa 1000, tunda dala sefa 5 ce. In kun ga farashi ya yi tsalle daga farkon 1994, karya darajar sefa ce a watan Janairu, lokacin da faran na Faransa ya tashi daga dala goma zuwa dala ashirin.

*Ko sunan garin Kance daga kanti ya fito?*

A'a, garin ya girmi kalmar.

*Kawunmu ya ce "kyan ɗa ya gaji ubansa", don haka dole in bar koyarwa in zauna a kantin.*

Kawunku yana da hujja, domin an fi faɗar ta a kan sana'a: ɗan maƙeri ga maƙera, ɗan wanzami ga aska. Sai dai a Hausa ana gadon dukiya, ana gadon sarauta, ana kuma gadon hali, shi ya sa ake cewa wane ya gado haƙurin ubansa. Ni a ganina babu tilas a cikin karin maganar. Ku zauna da kawu da ƙannenka, ku duba wanda ya fi sanin mutanen garin, ya kuma iya jiran kaka ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, ku danƙa masa makullin.