Wane jak ne zai shiga ƙarƙashin motar da ta yi ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Honda Accord ta 2013, irin mai taya inci 18. Wanda na saya a hannunsa ya sauya mata sifirin, ta ƙara yin ƙasa. Ina so in riƙa yin ƙananan ayyuka da kaina a gida, kamar juye da canjin birki. Na ari jak mai taya a wurin maƙwabcina, ya ƙi shiga, sai tokarar bamba yake yi. Da na je kasuwa an nuna mini mai tan 2 da mai tan 3, har da irin na kwalba mai tan 5, mai shago ya ce babban ya fi. Wanne zan saya? Tsakar gidana ƙasa ce, babu siminti. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar maganar tan tukuna, ka nemo tef na awo. Jak ɗin maƙwabcinka bai kasa ɗaukar motarka ba, shiga ce ya kasa, kuma ko da mai tan 10 ne hakan za ta faru. Mai shago yana nuna maka lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali, alhali lambobin da suka dame ka su ne ƙananan nan da ke gefe, waɗanda suka faɗi tsayin jak ɗin idan yana kwance da kuma inda yake kaiwa idan ya miƙe.

Motarka yadda ta fito daga kamfani, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 15 ba. Masu sauya sifirin kan rage santimita 3 zuwa 4, ka ga ke nan kana wajen 11 ko ƙasa da haka. Ƙaramin jak mai taya da aka fi gani a gidaje, irin jan nan mai zuwa a akwatin roba, kansa yana farawa ne daga wajen santimita 13. Na kwalba kuwa ko ƙaraminsa yana kusan 18 kafin a taɓa shi, don haka ka cire shi daga lissafi. Na motocin ɗaukar kaya ne da jif. Abin da kake nema shi ne jak mai kwantaccen gaba, wanda kansa ke sauka zuwa santimita 7 da rabi ko 8 ko 9. A kwalin za ka ga an rubuta da milimita, 75 ko 85, wani lokaci da inci, 3 ko 3 da rabi.

Amma kada ka auna daga bamba. Ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, ka durƙusa ka duba bayan tayar gaba, ƙarƙashin ƙofa. Za ka ga wani ƙarfe siriri da ya miƙe a tsaye daga gaba zuwa baya, inda aka haɗa faranti biyu na bodi. A wurare huɗu an ƙara masa kauri, nan ne kamfani ya ware don ɗagawa. Daga wannan ƙarfen zuwa ƙasa za ka auna. Sannan ka tuna da ranar da taya za ta sace. Tayar da aka rubuta wa 235/45 gefenta wajen santimita 10 da rabi ne, idan iska ta fita gaba ɗaya ɓangaren nan zai iya sauka da santimita 6 ko 7. Mutane da yawa sun sayi jak da ya shiga lafiya lau a gaban shago, ranar faci kuma ya ƙi.

Akwai kuma awon da ba a cika rubutawa ba, kuma shi ne ya fi yaudarar mai saye. Kan jak ɗin yana iya zama santimita 8, amma jikinsa yana tasowa ta baya inda famfon yake, har ya kai 15 ko fiye. Idan ta gefe za ka ɗaga, babu damuwa, tunda kan ne kawai zai shiga. Idan kuwa kana so ka ɗaga gaban motar gaba ɗaya daga tsakiya, kamar yadda ake yi don juye, wurin ɗagawar yana can ciki, sai jak ya wuce ƙarƙashin bamba da nisa kafin ya kai. A nan ne ƙugun jak ɗin ke dukan roba tun kai bai isa ba. Saboda haka ka auna nisan da ke tsakanin leɓen bamba da wurin ɗagawa, ka je shago da tef ɗinka, ka ga ko kwantaccen ɓangaren jak ɗin ya kai wannan tsawon. Masu dogon wuya an yi su ne don wannan matsalar, sun fi tsada, sun fi nauyi, amma ga mota irin taka su ne na gaske. Littafin motar ya nuna wuraren ɗagawa da zane. Ka bi shi, kada ka ɗora jak a kaskon mai ko ƙarƙashin lagireto don ka ga ƙarfe ne.

Idan jak ya yi nisa a ciki, sandar famfon ba ta samun filin hawa da sauka, tana bugun bamba. Shi ya sa na fi son mai famfo biyu, domin ko da ɗan motsi kaɗan yana tashi, kuma cikin bugu ƙalilan ya taɓa mota. Soson da ake naɗa wa gindin sandar ba ado ba ne, fentinka yake karewa. Idan babu, yankakken tiyo ya wadatar.

Sai kuma iyakar tashinsa. Ƙaramin nan na akwati yana tsayawa a wajen santimita 33 zuwa 35. Ya isa canjin taya, amma bai isa mutum ya shiga ƙarƙashi ya juya sifana ba. Ka nemi mai kaiwa 45 zuwa 50. Masu dogon wuya wasu har 60 suke kaiwa.

Yanzu mu dawo kan tan. Motarka tana da nauyin kilo 1,500 ko kusa da haka, kuma jak ba ya ɗaga mota dukanta. Gaba, inda injin da giya suke, yana ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100, wato wajen kilo 900. Mai tan 2 ya isa har da rara. Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: kayan da aka yi don kasuwar Amurka, tan ɗinsu kilo 907 ne, ba 1,000 ba, amma ko da hakan kana cikin iyaka. Idan ka ga na ce wa mutum ya ɗauki mai tan 3, ba don nauyin motar ba ne, don galibi su ne masu faɗin gindi, da kaurin ƙarfe, da tsawon da ake buƙata. In kuma akwai jif a gidan, to magana ta ƙare, tan 3 ɗin za ka saya. Na alminiyom mara nauyi ne, mutum ɗaya zai saka shi a but, sai dai kuɗinsa ya fi yawa, kuma yawancinsu gajeru ne. Na ƙarfe mai tan 3 yakan haura kilo 30. Tunda a gida za ka yi aiki, nauyin ba laifi ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarka shi ne jimlar ƙarshe, cewa tsakar gidanka ƙasa ce. Jak mai taya ba a tsaye yake ɗagawa ba. Hannunsa yana tashi ne a lanƙwashe, kan yana ja da baya yayin da yake hawa, don haka dole jikin jak ɗin ya gangara gaba a kan tayoyinsa don kan ya zauna daram a inda aka ɗora shi. A kan siminti wannan yana faruwa ba ka ma lura ba. A kan rairayi tayoyin nan na ƙarfe nutsewa suke yi, jak ya kafe, sai ya riƙa jawo motar, ko kan ya zame daga wurinsa ana tsakiyar aiki. Mota mai ƙasa ta fi shiga wannan haɗarin, domin hannun jak yana farawa daga kwance sosai, tafiyarsa ta fi tsawo. In da hali, ka sa a zuba maka daɓen siminti daidai faɗin mota. In babu, ka samu farantin ƙarfe mai kauri ko faffaɗan katako mai ƙwari wanda jak zai yi tafiya a kai, amma ka sani kaurinsa yana cin santimitocin da kake nema. Maganin wannan shi ne falanki: ka ajiye guda biyu masu kaurin inci 2 a gaban tayoyi, ka ɗan fere bakinsu, ka hau da motar a hankali. Nan take ka samu ƙarin santimita 4 zuwa 5. Wannan dabarar ita kaɗai tana iya sa jak ɗin maƙwabcinka ya shiga, in gefe kawai za ka ɗaga.

Siririn ƙarfen nan na ƙarƙashin ƙofa kuwa, idan ka ɗora shi kai tsaye a kan kwanon jak, lanƙwashewa yake yi, fenti ya fashe, tsatsa ta samu ƙofa. Ana sayar da wata roba mai kauri da aka tsaga tsakiyarta, ƙarfen ya shige cikin tsagar. Ka saya, kuma ka haɗa kaurinta, santimita 2 zuwa 3, a lissafinka tun kafin ka biya kuɗin jak.

Kuɗin da ka ware, kada jak ya cinye shi duka. Dole ka sayi matokaran ƙarfe guda biyu, masu ƙafafu, waɗanda mota za ta zauna a kansu. Abin da ke riƙe da mota a kan jak mai ne da 'yan zobban roba da ba su fi na yatsa girma ba, ranar da ɗaya ya gaji ba ya sallama. Mota mai tsayi idan ta faɗo tana iya bar wa mutum ɗan fili; taka ba za ta bari ba. Bulon siminti da ake jerawa a wasu garejojin ba matokari ba ne, yana rugujewa lokaci ɗaya ba tare da ya yi ƙara ba. Su ma matokaran a duba su. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye fiye da miliyan 1 da dubu 700 daga kasuwa, masu tan 3 da masu tan 6, saboda harshen da ke riƙe haƙoran yana iya kuɓucewa da kaya a kai. Tun daga nan nake ba mutane shawarar masu ƙusar ƙarfe da ake zurawa ta rami, ko masu haƙori da ƙusa duka. Ka auna su ma, ka tabbata gajartarsu ta dace da inda jak ɗinka ke kaiwa. Ka ja birkin hannu, ka sa giya a P, ka saka waigi a tayoyin da suka rage a ƙasa, sannan bayan ka sauke motar a kan matokaran ka girgiza ta da ƙarfi kafin ka sa kanka ciki.

A shago, ka ce a gwada maka a kan mota, taka in zai yiwu. A ɗaga, ka auna, a bari minti biyar ko goma, ka sake aunawa. In ya sauka ko da kaɗan, ka bar musu kayansu. Ka murɗa sandar saukewa da hannunka ka ji: nagari yana sauka sannu a hankali yadda ka so, mara kyau yana riƙewa sannan ya saki gaba ɗaya, kuma a mota mai ƙasa wannan sakin shi ke fasa roba. Ka leƙa gindin famfo ko akwai danshin mai, ka duba walda. Idan ka ga an rubuta EN 1494 ko ASME PASE, ƙa'idojin gwaji ne na Turai da na Amurka, alama ce mai kyau, ko da yake takarda ba ta wuyar mannawa, don haka gwajin ido ya fi.

In ka kai shi gida, mansa na haidirolik ne na jak, wanda ake rubuta wa ISO 32. Kada wani ya ce ka zuba man birki, yana cinye robobin ciki. In ka ga yana tashi da ƙyar ko yana laushi, iska ce ta shiga: ka buɗe sandar saukewa, ka buga famfo sau da yawa ba kaya, ka ɗan sassauta murfin mai iskar ta fita. Akwai wani noti da aka rufe da hula, galibi da gargaɗi a kai, shi ke hana jak ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa; wannan ba a taɓa shi. Ka riƙa ajiye jak ɗin a sauke, a rufe da buhu, musamman lokacin hunturu, don ƙurar da ta manne a sandar famfo ita ce ke shiga ta goge robobin.