Tafiya ƙasar waje da yara: shirin da waya ke buƙata kafin a shiga kasuwa

Tambaya: Malam, za mu yi tafiya ƙasar waje da yara biyu, ɗan shekara uku da 'yar shekara shida, kuma muna son zaga kasuwanni mu ɗanɗana abincin gari. Ina tunanin saya musu AirTag don gudun ɓata a cikin cunkoso. Zai yi?

Amsa: Hajiya, zai taimaka, amma kada ki ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. AirTag, 'yar na'urar nan ta kamfanin Apple da ake maƙala wa kaya don a gano inda suke, ba shi da GPS, ba shi da layin waya. Da siginar Bluetooth yake sanar da inda yake. Duk iPhone ɗin da ya gifta kusa sai ya ɗauki siginar ya kai rahoton wurin, ke kuma ki gani a manhajar Find My ta iPhone. Saboda haka a garin da masu iPhone suka yi yawa yana aiki da kyau, a kasuwar da kusan kowa ke riƙe da Android kuwa sai ki ga wurin da yake nuna miki na mintuna da yawa da suka wuce ne. Yaro mai gudu kuwa ba ya jiran minti ɗaya. Kamfanin Apple da kansa ya ce don kaya aka yi shi, ba don bin mutane ba. SmartTag na Samsung ma haka yake, sai dai shi da wayoyin Galaxy ya dogara. Kuma ki sani sai da intanet a wayarki za ki ga rahoton.

Akwai hatsarin da mutane ba su cika lura da shi ba: batirin da ke ciki, CR2032, ƙarami ne kamar kwabo, kuma idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Ga ɗan shekara uku, a sa AirTag ɗin a cikin ɗan gidansa da ake ɗaurewa da sukurori, a maƙale a cikin tufa inda hannunsa ba ya kaiwa.

Abin da ya fi AirTag saurin dawo da yaro ba ya cin batiri. Kowace safiya ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, domin a lokacin ruɗewa uwa ma takan manta kalar riga. Ki ɗaura masa abin hannu mai ɗauke da lambarki, da alamar + da lambar ƙasa a gaba, kuma lallai ta zama lambar da kira ke shiga a can. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce. Ta sauran ƙasashe ki nemo ta tun kafin tashi.

Tambaya: Wane layi zan yi amfani da shi? An ce mini eSIM ya fi sauƙi.

Amsa: Malam, fara da danna *#06#. Idan ka ga lamba mai suna EID, wayarka na ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da katin SIM ba. iPhone daga XS da XR na 2018 zuwa sama suna da shi, haka yawancin Galaxy daga S20, amma ba kowane samfuri ba, kuma wayar da aka kulle ga kamfanin layi ɗaya ba za ta karɓa ba. Ka saka eSIM ɗin tun kana gida inda akwai intanet mai ƙarfi, domin sakawar kanta tana buƙatar intanet.

Inda ake tuntuɓe shi ne nan: yawancin eSIM na matafiya data kawai suke bayarwa, babu kira babu saƙon tes. Don haka ka bar layinka na gida a kunne saboda lambobin sirri da banki ke turowa, amma ka kashe masa "Data roaming", in ba haka ba kuɗinka zai zube ba ka sani ba. WhatsApp ɗinka zai ci gaba a kan tsohuwar lamba. Idan ya tambaye ka ko za ka sauya, ka ƙi.

Tambaya: 'Yata ba ta cin gyaɗa, jikinta kumbura yake yi. Zan iya dogara da Google Translate wajen tambayar masu sayar da abinci?

Amsa: Wajen karanta allon abinci da ciniki, ƙwarai. Ki buɗe manhajar, ki sauke harshen ƙasar da za ki je tare da Hausa da Turanci. Tun 2023 ake iya sauke Hausa don aiki ba tare da intanet ba. Alamar kyamara za ta fassara rubutun da kika nuna mata, sai dai rubutun hannu da na alli kan rikita ta, kuma fassarar da ba ta intanet ta fi rauni.

Amma batun da ya shafi numfashin yarinya ba a barin sa a hannun manhaja a tsakiyar hayaniya. Ki rubuta gajerun jimloli: "Wannan yarinya ba ta cin gyaɗa. Ko man gyaɗa. Zai iya kashe ta." Ki fassara, ki sa wani ɗan ƙasar, ko da ma'aikacin masauki ne, ya duba ya gyara, sannan ki buga a takarda ki kuma ajiye hotonsa a waya. Dubawar nan tilas ce, domin a wasu harsuna kalma ɗaya ce ke ɗaukar gyaɗa da wasu 'ya'yan itatuwa. Ko da katin, mai tuya a kasuwa kan soya abubuwa da yawa a mai ɗaya, wannan kuwa babu wayar da za ta gano shi. Maganin da likita ya rubuta mata ya kasance a jakar da ke jikinki.

Tambaya: Taswira fa, idan intanet ya ɗauke?

Amsa: A Google Maps ka taɓa hotonka da ke sama, ka shiga "Offline maps", ka zaɓi yankin garin ka sauke. Ka lura: ba tare da intanet ba hanyar mota kawai take zanawa, ba ta ba da ta ƙafa ko ta bas. Amma ɗigon shuɗin da ke nuna inda kake yana aiki, sai dai a kasuwa mai rufi yakan yi tsalle-tsalle. Ka sa alama a masaukinku, da ƙofar da kuka shiga kasuwar, da asibiti mafi kusa.

Tambaya: Wane irin fawa bank zan ɗauka a jirgi?

Amsa: Wanda bai wuce 100Wh ba, kuma a jakar hannu, ba a akwatin da ake aunawa ba. Mai 20,000mAh yana kama 74Wh, ya wadatar. Wasu kamfanoni, irin su Emirates, sun hana amfani da shi a cikin jirgi tun 2025, don haka a cika cajin kwamfutar hannun yara kafin hawa, a kuma sauke musu abin kallo tun a gida. Soket ya bambanta: mai ƙafa uku masu faɗi a Ingila da Dubai da Malesiya, mai ƙafa biyu zagayayyu a Faransa da Turkiyya, wutar Amurka kuma 120V ce. Duba jikin cajarka. Idan an rubuta 100–240V, kan soket kawai za ka sauya.

In za ka miƙa wa yaro waya a wurin cin abinci, ka kulle shi a manhaja ɗaya: "Guided Access" a iPhone, "App pinning" a Android. Kuma kada ta zama wayar da ke ɗauke da tikiti da taswira da katin banki.