Amsa ga ɗan'uwan da ke son kai iyalinsa Fiji

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko Fiji ta cancanci kuɗin jirgi daga Najeriya, wane wata ya fi dacewa, da yadda Musulmi zai yi da abinci da sallah tunda da maiɗakinka za ka tafi. Na je, kuma ta cancanta. Sai dai abin da zai gyara tafiyar ko ya ɓata ta shi ne tsibirin da za ku kwana, don Fiji tsibirai ne sama da 300 a tekun Pasifik, kuma rayuwar wani ba ta kama da ta wani.

Bari mu fara sallamar maganar hanya. Mai fasfon Najeriya ba ya neman biza kafin ya tashi, a filin jirgin Nadi ake buga masa izinin ziyara, amma za su nemi tikitin dawowa, da shaidar masauki, da fasfon da ya rage masa aƙalla wata 6, da katin allurar shawara. Ka sake tabbatarwa kafin ka biya, irin waɗannan dokoki suna sauyawa. Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne tikiti mai araha da ya bi ta Ostareliya: ko ba za ka fita daga filin jirgi ba, sai da bizar wucewa. Ni ta Singafo na bi, daga can Fiji Airways ta ɗauke mu kai tsaye, kusan awa 10 a sama. Agogonsu ya riga namu da awa 11, saboda haka kada ka tsara komai a ranar farko sai barci. Kilishi, dambun nama da zuma kuwa ka bar su gida. Duk abin ci da ke jakarku, ko yaji ne, ku rubuta shi a takardar shiga, tarar ɓoyewa ba wasa ba ce.

Lokaci: Mayu zuwa Oktoba, rani ke nan a wurinsu, ga sanyin iska. Nuwamba zuwa Afrilu damina ce da guguwa. A Fabrairun 2016 guguwar Winston ta kashe mutum 44. Yuli da Agusta otal ya fi tsada saboda 'yan Ostareliya da Niyu Zilan suna kwararowa hutu. Da ni ne, Mayu ko Satumba zan ɗauka.

To, maganar masauki. Kada ka ƙare hutunka a Nadi ko Denarau. Manyan otal-otal suna nan, amma yashin bakin ruwan duhu-duhu ne, ba farin nan da ka gani a hoto ba. Wancan yana tsibiran Mamanuca da Yasawa, kuma daga tashar Denarau jirgin ruwa ke tashi kowace safiya. Mamanuca na kusa, Yasawa kuwa na ƙarshen ciki sai an yi awanni, in madam na jin jiri a mota ku sha magani kafin ku hau. Abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne, a ƙananan tsibiran nan babu kasuwa, babu shago, babu mai shayi. Abin da kicin ɗin masauki ya dafa shi za ku ci, da yawansu ma dole ne ka biya kuɗin abinci sau uku a rana, daban da kuɗin ɗaki. Don haka kafin ka tura ko kwabo, ka rubuta musu ka tambaya: naman daga ina yake, ana raba tukunyar alade da ta kifi, ruwan wanka na sama ne ko na gishiri da aka tace, akwai wuta dare da rana? Wanda ya yi maka kwana-kwana a amsa, nemi wani. A inda na sauka na ce musu kifi da ganye kawai, kuma ban yi nadama ba. Rogo, gwaza da doya su ne abincinsu, ga kokoda, ɗanyen kifi da ake jiƙawa a lemon tsami da madarar kwakwa. Ka yi hattara da lovo, gashin da suke yi a rami bisa duwatsu masu zafi, sau da yawa kaza da alade rami ɗaya suke shiga.

A babban tsibirin, Viti Levu, wannan damuwar ba ta taso ba. Tsakanin 1879 da 1916 Turawan Ingila sun kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya don noman rake, cikinsu akwai Musulmi, kuma jikokinsu na nan, kusan kashi 6 cikin 100 na mutanen ƙasar. Akwai masallatan Juma'a a Nadi, Lautoka, Ba da Suva, da mahauta da gidajen abinci na halal. Shi ya sa nake ba ka shawara ka raba kwanakin: ku fara da tsibiri, ku dawo yammacin Viti Levu ranar Alhamis, ka sami Juma'a, ku ci biryani, ku zaga kasuwar Lautoka. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ka duba a wayarka tun kana da intanet. Suva, babban birnin, awa 4 ne a bas daga Nadi kuma ruwan sama bai cika ɗauke mata ba. In kwanakinku kaɗan ne ku bar ta.

Za a yi muku tayin ziyarar ƙauye, ku karɓa. Ana zuwa da sevusevu, wato ƙunshin saiwar kava (wani tsiro da ake dama saiwarsa a sha) da baƙo ke miƙa wa dagaci, kamar yadda ba a shiga gaban mai gari hannu rabbana sai da goro. A cikin ƙauye ba a sa hula ko tabarau, ba a taɓa kan mutum ko da yaro ne, ana rufe kafaɗa da gwiwa. Shigar madam ta riga ta wadatar. Za su dama kavar su miƙo a ɓawon kwakwa. Tana kashe baki tana saukar da kasala, ni dai na ce addinina ya sa nake kaffa-kaffa da ita, suka yi dariya suka wuce da ƙoƙon ga na kusa da ni.

Babu zazzaɓin cizon sauro irin namu, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo, ku riƙe man shafawa. Ku sayi takalmin shiga ruwa saboda murjani yana yanka kuma ciwonsa ba ya saurin warkewa. In ba ku iya iyo ba, kada kunya ta hana ku karɓar rigar ceto da ke hana nutsewa. Kuɗi kuma, ka tafi da dalar Amurka ka canza zuwa dalar Fiji a Nadi, don a yawancin ƙananan tsibiran babu na'urar cirar kuɗi. Soket ɗinsu irin na Ostareliya ne, ka sayi mahaɗi tun a filin jirgi.