Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan wahala da imani

Ɗan'uwa, ka ce in Allah Mai rahama ne kuma Mai iko, don me jarirai ke mutuwa, azzalumi kuwa na cin karensa babu babbaka? Masu yi maka ca a kan ka tuba sun yi gaggawa. Mala'iku ma sun tambaya a Baƙara, aya ta 30: za Ka sanya mai ɓarna da zubar da jini a bayan ƙasa? Aka amsa musu: Na san abin da ba ku sani ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin yara. Yawancin abin da muke rufewa da "ƙaddara ce", da hannun mutum a ciki. Za a kawo yaro zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, tafin hannunsa fari fat, an yi ta jiƙe-jiƙe a gida don babu kuɗin mota, ko 'yan bindiga sun tare hanya. Ka tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, yara kusan 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar na shiga abincinsu. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar aka ba da magani, mace-macen suka ragu. Wannan ma ai ƙaddara ce. Sayyidina Umar da ya juya daga annobar Sham cewa ya yi, muna gudun ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Raina na ɓaci in na ji mai sakaci ya fake da sunan Allah.

Akwai kuma wanda babu laifin kowa, kamar jaririn da aka haifa da rami a zuciya. Nan ba na yi wa uwa dogon bayani, hannunta nake riƙewa. Manzon Allah (SAW) shida cikin 'ya'yansa bakwai sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ya bari. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Manzon Allah ya yi hawaye, ya ce ido na zubarwa, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Da a ce wahala alamar fushin Allah ce ko rashinSa, da ba a fara da annabawa ba.

In rashi aka yi maka har tambayar ta taso, Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba ka dangana.