Amsa ga mai sabon ƙadangare mai gemu da ya ƙi cin abinci

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an kawo maka ɗan ƙadangare mai gemu daga Legas, bai fi wata uku ba, yau kwana huɗu ke nan ya ƙi taɓa gyare, ya lafe a lungu, cikinsa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, kana neman a faɗa maka abincin da za ka sauya masa. Ni ma a Zariya nake, kuma na jima ina kiwon irinsa. Shawarata ita ce kada ka sauya masa abinci tukuna. Ƙaramin da ya ƙi ci a makon farko, galibi ko dai tsoro ne bai sake shi ba, ko kuma jikinsa bai sami ɗumin da zai narka abin da ya ci ba. In ka gyara waɗannan biyun, da kansa zai fara bin gyaren da gudu.

Tsoron ba abin mamaki ba ne. Ya sha doguwar tafiya a cikin kwali, an sauke shi a ɗakin da bai sani ba, ga hayaniyar yara, ga kowa na son ya leƙa. Mako ɗaya zuwa biyu suke ɗauka kafin su saki jiki, kuma baƙin da ka gani a cikinsa alamar damuwa ce ko ta sanyi. Ka rufe gefe uku na akwatin da takarda, ka sa masa maɓoya a ɓangaren da ba zafi, ka ajiye shi nesa da talabijin da ƙofar da ake yawan bugawa. Sannan ka hana kanka da yaran gida ɗaukarsa har sai ya yi kwanaki yana ci sosai. In ya zama dole ka sa hannu, ka shigo ta gefe, ƙasa-ƙasa, inda zai gan ka. A tsakiyar kansa akwai wani ɗan ɗigo mai gane haske da inuwa, don haka duk abin da ya sauko masa ta sama, shaho yake ɗaukarsa.

Maganar zafi ita ce babba, kuma a nan mu mutanen Arewa muke ruɗuwa, domin muna ganin ai ƙasarmu ma zafi gare ta. Asalin wannan dabbar busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya ne, inda take hawa dutse ko kututture da safe ta gasa jikinta kafin ta fita farauta. Zafin ɗaki bai ishe ta ba. Wurin shan ɗumin ƙarami ya kamata ya kai digiri 40 zuwa 43 a kan dutsen da yake kwanciya, ɗaya ɓangaren kuma ya tsaya tsakanin 24 da 29, don in ya ƙoshi da zafi ya sami inda zai gudu. Kada ka auna da tafin hannu. Na'urar nan da aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona, da yawansu suna da maɓallin auna zafin kaya, ita nake haska wa dutsen. Ƙwan LED da ya cika kasuwa yanzu haske kawai yake bayarwa, sai ka nemi halojin ko tsohon ƙwan nan mai zafi, fari, ka riƙa ɗaga shi ko sauke shi har awon ya yi daidai. Jan ƙwan da masu kaji ke ɗumama 'yan tsaki da shi bai dace ba, kuma da dare duhu yake so. Awa 12 haske, awa 12 duhu. In ka gan shi a ƙarƙashin ƙwan ya buɗe baki ya yi shiru, kada hankalinka ya tashi, jikinsa ne ya ɗau zafin da yake so.

To, sai wuta. Duk wanda ke Samaru ko Tudun Wada ko cikin birni ya san ba a dogara da ita. In an ɗauke tun asuba, dabbar nan a sanyaye za ta yini, kuma ko ta haɗiyi gyare ba zai narke ba, sai ya zauna mata a ciki. Ƙa'idata ita ce ba na ba shi abinci sai ya yi awa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin zafi, kuma sai na tabbata akwai aƙalla wasu awa biyu na ɗumi a gaba. Ranar da babu wuta babu rana, gara ya yini bai ci ba. Mai sola ko inbata ya ware wa ƙwan nan layinsa. A cikin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba a nan yakan sauka ƙasa da digiri 15, wanda ya yi wa ƙarami yawa. Ka rufe akwatin da bargo ka bar kafar iska, ka sa gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul a gefe guda. Kaskon gawayi kuwa kada ya shiga ɗakin. Maris da Afrilu kuma abin juyawa yake yi, ɗaki mai rufin kwano yakan ɗau zafi har ɓangaren sanyin ya ɓace, sai ka rage ƙarfin ƙwan ko ka kashe shi da tsakar rana.

Akwai haske na biyu da ake kira UVB, wanda da shi fatarsa ke samar da bitamin D3, shi kuma ya ba jiki damar ɗaukar kalshiyam. In babu shi, ƙashin ƙaramin da ke girma da sauri yakan yi laushi: muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su riƙa rawa, baya ya karkace, kuma abin da ya karkace ba ya miƙewa. Dogon ƙwai samfurin T5 mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ake so, irin na Arcadia ko ReptiSun, a sauya shi duk shekara ko da yana ci gaba da haske. Samunsa sai an yi oda, kuma kafin ya iso muna da abin da masu kiwo a Ingila ke nema ido rufe, wato rana. Bayan ya ɗan saba, ka sa kafinta ya haɗa maka ƙaramin keji na katako da raga mai ƙananan ido, ka riƙa fitar da shi hantsi, tsakanin tara da sha ɗaya, na rabin awa zuwa awa ɗaya, rabin kejin a inuwa. Ka zauna kusa, saboda kyanwa da shirwa da hankaka. Abu biyu kada ka manta: gilashi yana tare wannan hasken, don haka ajiye shi a bakin taga aikin banza ne, kuma akwatin gilashi ko na roba a cikin ranar Zariya zai kashe shi cikin 'yan mintoci.

Yanzu abincin. Ƙarami maci ƙwari ne, kusan kashi uku cikin huɗu na cinsa ke nan, sai ya girma ganye ke rinjaye. Sau biyu zuwa uku a yini, abin da zai iya kamawa cikin minti goma. Ka duba girman gyaren da kake ba shi, don ina zargin nan ma akwai matsala: kada ƙwaro ya fi faɗin da ke tsakanin idanunsa biyu. Babban gyare tsoro yake ba ƙarami, in kuma ya haɗiye yakan toshe masa ciki. Ka jefa biyu ko uku, ka ja da baya inda ba zai gan ka ba. Za ka ga ya karkata kai ya kafa wa ɗaya ido, ya ɗan ɗaga ƙirji, sai ya zabura. Wanda ya rage ka kwashe kafin dare, domin gyare na cizon su suna barci. Tsutsar baƙin ƙudan nan da wasu masu kaji da kifi ke kiwo tana da kalshiyam sosai, kuma motsinta a faranti yakan ja hankalin wanda ya ƙi komai. Su ma ƙwarin ka ciyar da su karas da ganye da dusa kwana ɗaya kafin ka miƙa su, sannan ka barbaɗe su da garin kalshiyam sau ɗaya a yini, kamar kwana biyar a mako.

Na san da damina jarabar kamo masa fara a gona ko shinge a gindin fitila tana da ƙarfi, ga shi kyauta. Ni ban yarda ba. Gonakinmu feshi ake yi musu, ƙwarin waje kuma suna ɗauke da tsutsar ciki. Farar nan mai launi-launi da ke zama a jikin tumfafiya guba ce da ita, ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guda ɗaya ya isa ya kashe shi. Soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ba tasa ba ce. Haka kyankyason ɗaki, wanda wataƙila ya bi ta kan fiya-fiya. Wannan ya tuna mini: ɗakin da yake kada a fesa maganin sauro, kada a kunna na hayaƙi. Masu gidan sauro su ne suka dace da kiwon nan.

Ganye ka riƙa ajiye masa kowace safiya ko da bai kula ba, a yanka ƙanana, a yayyafa ruwa. Ɗanyen zogale, kabewa da aka goge, kuɓewa, koren wake, ɗan karas, wani lokacin gwanda. Duk ana samu a kasuwar Sabon Gari, sai dai a wanke da kyau. Alayyahu kaɗan-kaɗan, don yana riƙe kalshiyam. Latas ruwa ne kawai. Albasa, tafarnuwa, lemo da fiya kada su kusance shi. Ruwa kuma ba kasafai suke sha a kwano ba, sai ka ɗiga masa a kan hanci ya lashe.

In yashi ka shimfiɗa masa, kwashe shi yau. Ƙarami yakan haɗa da yashi in ya kai wa gyare cafka. Jarida ko tayil sun fi, kuma a kansu za ka ga kashinsa: mai lafiya ruwan ƙasa ne a dunƙule, da ɗan fari a gefe. Shi kaɗai zai zauna, ba da ɗan'uwansa ba, balle jangwadan katanga. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko kayansa, musamman yara, saboda ƙwayar salmonela. In ka ga fatarsa ta yi fari-fari, saɓa zai yi, cinsa yakan ragu, kuma kada ka ɓare masa.

Akwai inda haƙuri ba shi da amfani. In zafi ya daidaita amma ya cika mako bai sa komai a baki ba, ko gindin wutsiyarsa ya fara ramewa, idanu suka faɗa, ko ka ga gudawa mai wari ko jini, ko majina a baki, ko yana jan ƙafafun baya, ka kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ka tafi da sabon kashinsa a leda a duba tsutsa da koksidiya, wata ƙwayar cutar hanji wadda ke yawan taso wa ƙanana bayan wahalar tafiya. Kada ka ba shi maganin kaji da kanka, kuma kada ka buɗe masa baki da ƙarfi ka ɗura abinci. Ka riƙa ɗora shi a ƙaramin sikelin kicin duk mako kana rubutawa, likitan zai ji daɗin wannan lissafin.

Ka turo hoton akwatin gaba ɗaya, da awon zafin dutsen da na ɓangaren sanyi da misalin ƙarfe goma na safe, da hoton gyaren kusa da kansa, sai mu ga abin da za a fara gyarawa.