Yaron da aka raina a littattafan Hausa

Malama, kin tambaya ko adabinmu yana da labarin yaron da ya tashi cikin rashi, aka yanke masa ƙauna, amma ya zama wani abu. Akwai, tun daga tatsuniya: marainiyar da kishiyar uwa ke tura wa rafi da wanke-wanke, ko Auta da yayyensa suka raina.

A rubuce, fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Maraya ne, aka sace shi, ya faɗa bauta, ya ƙare babban malami. Sai dai can ƙaddara da alherin wasu ne suka ɗaga shi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. An cire wata yarinya mai suna Abu daga makaranta, saurayinta ya guje ta don wai jahila ce, aka ɗaura mata aure da tsoho. Ta gudu, ta koma karatu da ƙafarta, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama, shi ya sa zafin labarin yake fitowa daga zuci.