Allurar Baya da “Ƙona Jijiya”: In Yarda, Ko In Haƙura da Ciwon?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 51, ina da ciwon suga amma ina shan magani. Yau wata 14 ke nan baya ya hana ni sakat. Ciwon iri biyu ne. Akwai wanda yake tasowa daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu da cinyar hagu har babban yatsan ƙafa, kamar an jona mini wayar lantarki. Akwai kuma wani mai nauyi a ƙugun kansa, wanda yake tsananta idan na daɗe a tsaye ko na gantsare. Na yi gashi, kullum kuma sai na sha diklofenak. Hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 ya goce ya danne jijiya. An tura ni asibitin masu kula da ciwo mai naci, sun ce za su fara da allura a baya, daga baya wataƙila su “ƙona jijiya”. Gaskiya na tsorata, don na ji ana cewa allurar baya tana shanye ƙafafu. In yarda? Kuma in na yarda, na rabu da ciwon ke nan?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa’alaikumus salam Malama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wata 14 a cikin ciwo ba wasa ba ne. Mu likitoci, da zarar ciwo ya haura wata 3 muna lissafa shi a matsayin mai naci, saboda daga nan yakan fara taɓa barci da aiki da walwala, ya zama cuta mai zaman kanta.

Kin taimaka mini ƙwarai da kika raba ciwon gida biyu, domin abubuwa biyun da aka ambata miki kowanne da ciwon da yake nufa.

Mu fara da na ƙafa. A ƙugu akwai ƙasusuwa 5 a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da yake zama kamar matashi. Ta gefensu jijiyoyi suke fitowa su gangara ƙafa. Jijiyar da faifan tsakanin ƙashi na 4 da na 5 ya fi dannewa ita ce wadda take bi ta gefen ƙwauri zuwa bayan ƙafa da babban yatsa, daidai inda kika kwatanta. Wannan ya sa na gamsu da hoton naki. Ina faɗin haka ne domin hoton MRI shi kaɗai yana ruɗar mutane: wani nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa a cikin mutanen da ba abin da ke damun bayansu, kusan kashi 30 cikin 100 na ’yan shekara 20 suna da faifan da ya ɗan bullo, a ’yan shekara 80 kuwa abin ya haura kashi 80. Sai labarin mara lafiya da gwajin hannu da hoto sun zo ɗaya ake ɗaukar allura.

Abin da yake sa zafin ba dannewar kaɗai ba ce. Abin da ke cikin faifan idan ya tsiyayo ya taɓa jijiya yana sa ta kumbura, ta riƙa aika saƙon zafi ko ba a taɓa ta ba. Allurar da za a yi miki, wadda ake kira efidural, tana kai maganin rage kumburi na sitiroyid, haɗe da ɗan maganin kashe zafi, zuwa wani siririn fili da yake kewaye da rigar laka, kusa da jijiyar da ta fusata. Tsohuwar dabara ce. Tun 1901 wasu likitoci biyu a birnin Faris, Sicard da Cathelin, suka fara zuba magani a wannan fili, a farkon shekarun 1950 kuma aka fara sa sitiroyid. Abin da ya canja shi ne yanzu ba a yi da ka. Za ki kwanta ruf da ciki, a wanke wurin, a kashe fatar, likita yana kallon bakin allurar a allon na’urar hoton ƙashi. Kafin ya tura maganin sai ya fara zuba ɗan ruwan da ake gani a hoto, ya tabbatar ya bi inda ake so, bai shiga hanyar jini ba. Aikin duka bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, ranar za ki koma gida.

Sai maganar shanyewar ƙafafu. Ba zan ce miki ba ta taɓa faruwa ba. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan allura, a lokuta ’yan ƙalilan ƙwarai, ta jawo mummunar illa ga laka ko ƙwaƙwalwa. Amma ga abin da zai kwantar miki da hankali: a jikin baligi, lakar kanta tana ƙarewa ne wajen ƙashi na 1 ko na 2 na ƙugu, allurarki kuwa a ƙasa da nan za a yi ta. Abin da ake gudu a can ƙasan shi ne magani ya faɗa ƙaramar hanyar jinin da take ciyar da laka, ko jini ya taru ya danne jijiyoyi, ko ƙwayar cuta ta shiga. Na farkon ne ya sa ake yin gwajin ruwan nan, ya kuma sa likitoci da yawa suke zaɓar deksametason, wani nau’in sitiroyid da ba shi da gari-gari a ciki, idan za su bi ta gefen jijiya. Na biyun ne ya sa dole ki faɗa idan kina shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko kilofidogirel, kuma kada ki daina shi da kanki sai wanda ya rubuta miki ya amince. Ki tambaye su kai tsaye: da na’urar hoto za a yi? In aka ce a’a, ni da ke ce zan nemi inda ake yi da ita.

Abin da ya fi kusa da ke a gaskiya shi ne suga. Sitiroyid yana ɗaga shi, yawanci cikin kwanaki na farko, wani lokaci har mako guda ko fiye. Idan sugan bai daidaita ba tun farko, gara a ɗage allurar a gyara shi. In an yi kuma, ki riƙa aunawa fiye da yadda kika saba, ki kuma san lambar da idan ya kai za ki kira likitan sugarki. Wasu kan ji fuska ta yi zafi, ko barci ya ƙi zuwa kwana ɗaya ko biyu. Waɗannan sukan wuce da kansu.

To, za ki rabu da ciwon? A nan nake so ki saurare ni da kyau, don na ga mutane da yawa sun fita daga ɗakin allura da murna sun dawo da ɓacin rai, ba don aikin bai yi ba, sai don ba wanda ya gaya musu abin da za su sa rai. Allurar ba ta mayar da faifai mazauninsa. Kumburi take saukarwa. Awanni kaɗan na farko za ki ji sakayau saboda maganin kashe zafi, sai ciwon ya dawo, wataƙila ma ya ɗan ƙaru, sannan sitiroyid ya fara aiki tsakanin kwana 2 zuwa 7. Ga wanda ta karɓa, sauƙin yakan kai makonni zuwa kamar wata 3. Ta fi yi wa ciwon ƙafa aiki a kan ciwon ƙugu, ta kuma fi karɓar sabon ciwo a kan wanda ya shekara, don haka naki na iya amsawa, yana iya ƙi. Ba a kuma yawaita ta: galibi ba a wuce sau 3 ko 4 a shekara, saboda yawan sitiroyid yana rage ƙarfin ƙashi, abin lura musamman ga mace mai shekarunki. Idan ta farko ba ta yi komai ba, ban ga dalilin jera ta biyu da ta uku don kawai an tsara uku ba.

Amfanin waɗannan makonni shi ne abin da za ki yi a cikinsu. Kin ce kin yi gashi, kuma ina kyautata zaton a lokacin zafi bai bar ki kin yi motsin da aka koya miki yadda ya kamata ba. Wanda ya yi wata 14 yana kaffa-kaffa da bayansa, naman ciki da na baya da na ɗuwawu sun yi sanyi, tafiyarsa ta canja, yana tsoron sunkuyawa. Ki sa ranar komawa wurin masu gashi tun kafin ranar allura, domin da zafin ya lafa ki fara tafiya da motsa jiki a hankali, kina ƙarawa. A cikin waɗanda na yi wa wannan allura, waɗanda sauƙinsu ya ɗore su ne waɗanda suka ci moriyar wannan rata. Wanda ya koma ya kwanta yana jiran ya ga ko ciwo zai dawo, yakan dawo ɗin.

Yanzu “ƙona jijiya”. Sunan ne yake da firgitarwa. Ba jijiyar ƙafarki ake nufi ba, ba kuma za a taɓa laka ba. A bayan kowane ƙashi akwai ƙananan gaɓoɓi guda biyu, dama da hagu, da suke haɗa shi da na ƙasansa. Idan suka fara cinyewa suna ba da ciwo mai nauyi a ƙugu, wanda tsayuwa da gantsarewa suke tayarwa, irin ciwonki na biyu. Wasu ’yan siraran rassan jijiya ne suke ɗaukar saƙon zafi daga waɗannan gaɓoɓi. Su ake nufa. Ana kai allura ta musamman gefensu, a fara gwadawa da ɗan lantarki mara ƙarfi a tabbatar ƙafa ba ta motsa ba, a kashe wurin, sannan a ɗumama bakin allurar zuwa kamar digiri 80 na ma’aunin Salsiyos na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Reshen ya daina kai saƙo. Bayan zai yi tsami na mako ɗaya ko biyu. Jijiyar tana sake tofowa, shi ya sa sauƙin yakan tsaya tsakanin wata 6 zuwa shekara, ana kuma iya maimaitawa.

Sai dai babu hoton da zai tabbatar cewa gaɓoɓin nan ne tushen ciwo. Gwaji ake yi: a ɗiga maganin kashe zafi kaɗan a kan waɗannan rassa, ki tashi ki yi abubuwan da suke tayar miki da ciwon, ki riƙa rubuta ƙarfinsa daga 0 zuwa 10 kowace awa. In ya ragu sosai na tsawon awannin da maganin yake aiki, to an kama mai laifi. Asibitoci da yawa sau biyu suke yin gwajin, don sau ɗaya yana iya yaudara. Ki faɗi gaskiyar abin da kika ji, kada kunyar likita ta sa ki ce kin ji sauƙi. Hukumar NICE, mai tsara ƙa’idojin jinya a Ingila, a ƙa’idarta ta 2016, ta yarda da wannan aiki ne kawai bayan sauran hanyoyi sun gaza kuma gwajin ya nuna alama. Wani babban bincike a ƙasar Holan a 2017 kuwa bai ga ya ƙara wani abin kirki a kan motsa jiki ba, ko da yake masana sun yi ta muhawara kan yadda aka zaɓi marasa lafiyar. Ra’ayina shi ne yana taimaka wa wanda aka tantance da kyau, yana ɓata lokacin wanda aka yi wa a gaggauce. Duk wanda ya ce zai ƙona miki jijiya ba tare da gwaji ba, kada ki yarda.

Za ki iya jin labarin wata na’ura da ake dasawa a jiki, mai batir da siririyar waya da take aika lantarki kaɗan-kaɗan kusa da laka. Wani likita mai suna Norman Shealy ne ya fara dasa ta a Amurka a 1967, bisa bayanin wasu masana biyu, Melzack da Wall, na 1965 cewa laka tana da wata irin ƙofa da take iya rage saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ana tanadar ta ne ga ciwon jijiya da ya gagara, misali bayan tiyatar baya, ana kuma gwada ta kamar mako guda kafin a dasa. Ba ki kai nan ba. Idan allura da gashi ba su sauke ciwon ƙafar ba, mataki na gaba shi ne ganin likitan tiyata, domin cire ɓangaren faifan da ya danne jijiya yana yi wa irin wannan ciwon ƙafa aiki sosai.

Akwai abin da ya fi allurar tayar mini da hankali a wasiƙarki: diklofenak kullum, sama da shekara, ga ciwon suga. Wannan magani yana wahalar da ƙoda, yana jawo gyambon ciki, yana iya ɗaga hawan jini, suga kuma dama ƙoda yake nema. Don Allah ki nemi a auna miki aikin ƙoda cikin kwanakin nan, ki kuma tattauna da likita kan abin da zai maye gurbinsa.

Kada ki jira ranar allura idan kika ga fitsari ya ƙi fita ko yana zubo miki ba ki sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓawa, ko ƙafar ta fara ja da ƙasa ba kya iya ɗaga yatsu. Wannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa asibiti.

Idan kika yanke shawarar yi, kuma a ganina irin ciwon ƙafarki ya cancanci a gwada sau ɗaya, ki je da duk magungunanki da sakamakon sugarki na baya-bayan nan, ki faɗa in wani magani ko ruwan hoto ya taɓa yi miki borin jini, ki kuma tafi da wanda zai raka ki gida, don ƙafar na iya yin nauyi na ’yan awanni. Bayan kin koma, in kika ji ciwon kai mai tsananta a zaune ko a tsaye yana lafawa a kwance, ko zazzaɓi, ko sabon rashin ƙarfi a ƙafa, ki kira asibitin nan take.